Shaidar zur a kotun duniya: wa zai kamo maƙaryacin?

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, haka birnin Hague yake. Ginin gilashin da kuke gani a bayana shi ne kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC. Yanzun nan na fito, don ba a shiga zauren shari'a da waya.

A ciki, gilashi ne tsakaninmu da alƙalai, kowa da abin sauraro a kunne. Wani shaidan ba ka ganin fuskarsa, an sauya masa murya, da lamba ake kiransa. Ina zaune sai na ce a raina: to idan wannan bawan Allah ya sharara ƙarya fa?

Dokar tana nan. Sashe na 70 na Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, ya ce shaidar zur, ko toshe bakin shaida, na iya jawo ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tara, ko duka biyun. An kuma taɓa aiki da shi. A 2016 kotun ta samu Jean-Pierre Bemba, tsohon mataimakin shugaban Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da wasu mutum huɗu da laifi, har da lauyansa Aimé Kilolo. Shaidu 14 ne maganar ta shafa, waɗanda ɓangaren Bemba ya kira a babbar shari'ar da ake yi masa kan laifukan yaƙi: ana biya musu abin da za su faɗa kamar karatun allo, ana tura musu kuɗi. Hirarrakin waya ne suka tona asirin. Bemba ya sha ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 300,000. Abin mamaki, a 2018 aka wanke shi a babbar shari'ar, amma wannan ƙaramar ta sayen shaidu ce ta hana shi takarar shugaban ƙasa.

Su kuwa shaidun, ba su aka gurfanar a shari'ar ba. Nan ne gizo ke saƙar. Kotun nan ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Shi ya sa sashen ya wajabta wa kowace ƙasa mamba ta faɗaɗa dokarta ta gida, ta yadda za ta iya hukunta ɗan ƙasarta, ko wanda ya aikata laifin a ƙasarta. A takarda dai ya yi kyau.

Amma ku dubi Kenya. A 2013 aka ba da sammacin kama ɗan jarida Walter Barasa bisa zargin sayen shaidu, aka kwashe shekara da shekaru ba a miƙa shi ba. Lauya Paul Gicheru, wanda shi ma ake zargi da sayen shaidu, da ƙafarsa ya kawo kansa nan a 2020, ya rasu a 2022 kafin a yanke hukunci.

Hannuna ya ƙage da sanyi, bari in nemi wurin fakewa.