Kwaɗon da na sa wa ƙofar baya a Sheffield

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, tun asuba ake yayyafi a Sheffield. Bari in juya kyamarar ku gani. Kun ga wannan lungun mai rufi, kamar zaure amma siriri, da ƙyar mutum biyu su gifta juna? Mutanen garin nan "jenel" suke ce masa. To, a kan abin da ke bayansa ne muka yi wata biyu ba ma ga-maciji da maƙwabcina, wani dattijo.

Gidajen unguwar nan a jere suke, bango ɗaya ya haɗa ka da na kusa da kai. Tsofaffi ne, yawanci tun zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu a 1901, lokacin da garin ke cike da ma'aikatan ƙarfe. Lungu ɗaya, gida huɗu. Nawa yana manne da lungun, na dattijon kuwa yana can ciki, ba shi da hanyar zuwa ƙofarsa ta baya sai ta tsakar gidana. Kuma a nan ƙofar baya ita ce ƙofa. Ta gaba falo take faɗawa kai tsaye, wasu ma kujera suke jingina mata.

Satinmu na biyu da tarewa, uwargida tana shanya a nan, daidai inda igiyar nan take, ba mayafi, ai a cikin gidanta take. Juyowar da za ta yi sai ga tsoho ya turo keke, ya ɗaga mata hannu, ya wuce abinsa. Ta watsar da bokitin ta shige ɗaki. Da na dawo aiki ko ruwa ban sha ba ta ce, "Maigida, gida ka saya mana ko hanyar kasuwa?"

Ku da kuke gida kun san abin da nake nufi. Tsakar gida wurin mata ne. Ko ƙanenka ne sai ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya yi gyaran murya, a ce masa shigo. Sai zuciya ta ɗebe ni. Washegari na sayo kwaɗo ƙato, na garƙame wannan ƙofar katakon.

Daren da ake fitar da shara tsohon ya ƙwanƙwasa mini. Ya ce ya fi shekara arba'in yana bin nan, tun kafin a haife ni. Na ce kuɗina na sa na sayi gida, ba da kai a ciki ba. Har 101 na buga, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, suka ce rikicin fili ne, ba hurumin su ba ne, mu nemi lauya. Bayan kwana goma sai ga wasiƙa daga lauyansa.

A nan jikina ya yi sanyi. Na shiga shafin Land Registry, ofishin da ke riƙe da rajistar filaye a Ingila da Wales, na biya fam 7, na sauke takardar gidana. Ga ta nan, bari in matso da ita, na rufe adireshin. Wannan layin da na ja wa jan biro cewa yake masu gidan da ke kusa suna da ikon wucewa da ƙafa ta bayan gidan nan zuwa titi. Ikon ba na tsohon ba ne shi kaɗai, na gidan ne. Ko ya sayar gobe, wanda ya saya ya gaje shi. Abin haushin, lauyan da ya yi mini cinikin gidan ya rubuta wannan a cikin rahotonsa. Ni ne ban karanta ba, hankalina na kan kuɗin ruwan banki da ranar karɓar makulli.

Na je wurin wata lauya, ta ƙara mini da abin da ban sani ba. Ko da babu rubutu, in mutum ya shekara 20 yana bin hanya a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma aron ta aka ba shi ba, yana iya kafa hujja da hakan, akwai doka a kai tun 1832. Ta ce sa ƙofa ba laifi ba ne, amma kulle ta ka hana shi makulli tare hanya ne, kotu za ta sa ka buɗe, wataƙila ka biya kuɗin lauyansa. Sannan duk ranar da za ka sayar da gidan akwai fom da zai tambaye ka ko ka taɓa rigima da maƙwabci, kuma dole ka faɗi gaskiya. Wato da hannuna nake rage wa gidana daraja.

Amma ba duka na sha kaye ba. Ikonsa na wucewa ne kawai. Jingina keke a bangona, barin kwandon shararsa kwana uku a ƙarƙashin tagar kicin ɗinmu, tsayawa shan taba, duk babu su a takarda.

A gida da tuni an je wurin mai unguwa, dattawa sun zauna a kan tabarma an kashe wutar. A nan ba mai unguwa, don haka uwargida ce ta soya cincin, ta ce in ɗauka in je. Ita da aka ɓata wa rai, ku ji fa. Na same shi da 'yarsa, aka haɗa shayi. Na cire girman kai na ce na yi kuskure a kan kwaɗon, sannan na yi masa bayanin yadda tsakar gida take a wurinmu. Ya yi shiru, can ya ce shi a zatonsa matata tsoron kekensa take yi.

Ga abin da muka tsayar, muka rubuta, kowa ya sa hannu. Kwaɗon ya koma mai lamba, ya san lambar, nima na sani. Wannan shingen katakon ni na kafa, ya raba hanyarsa da wurin shanya, na bar masa faɗin da kwandon shara da keke za su wuce ba takura, shi da kansa ya riƙe mini tef muka auna. Shi kuma in ya shigo lungu zai kaɗa ƙararrawar keke sau biyu. Yarana suna ce mata sallamar Baba.

Masu kawo saƙo ne har yanzu ban san yadda zan yi da su ba. Tsohon ya ba su lambar, kuma su ba ruwansu da ƙararrawa, sai dai ka ga mutum da kwali a ka. Wannan zaman na gaba ne.

Yauwa, kun ji ta ko? Shi ne. Bari in janye kwandona daga hanya kafin a ce ni ma na karya yarjejeniya. Sai mun haɗu.