Amsoshin Tambayoyinku: Kai ɗumin tukunyar gida zuwa shagon da ke ware

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon galibinsu daga 'yan uwanmu mazauna ƙasashen sanyi suka fito, da alama dai an fara jin jiki. Muna tare da injiniyanmu mai aikin ɗumama gidaje, yana kan layi daga Kanada. Injiniya, barka da war haka, ya sanyi?

Injiniya: Lokacinsa ne, Malam. Mun gode Allah.

Mai gabatarwa: To madalla. Lokacinmu ba yawa, bari mu fara da gajeru. Wata baiwar Allah daga Ingila ta ce ƙarfen ɗumama ɗakinta ƙasansa zafi, samansa sanyi ƙalau.

Injiniya: Iska ce ta taru a ciki. Ta nemi ɗan makullin nan ta sassauta kusar da ke gefen sama, iska za ta fita da huci, da ruwa ya ɓullo sai ta ɗaure.

Mai gabatarwa: Hajiya, kin ji, ba sai kin biya kowa ba. Sai wani ɗalibi daga Jamus, zai zo gida hutun Disamba, ya kashe ɗumin ɗakinsa gaba ɗaya don ya rage kuɗi?

Injiniya: A'a. Ya rage shi zuwa digiri 12 ko 13, kada ya kashe.

Mai gabatarwa: Ɗan samari, kuɗin tsarabar ka nemo shi ta wata hanya. To, ga babbar tambayar yau, kuma wasiƙu huɗu muka samu a kanta, daga Minnesota da Alberta da Manitoba. Zan karanta ta wani kafinta mazaunin Winnipeg da ke Manitoba, wanda ya ce a sakaya sunansa. Ya ce gidansa da tukunyar gas ake ɗumama shi, wadda ke tura ruwan zafi cikin bututu zuwa ɗakuna. Yana da shagon kafinta a ƙarshen filin gidan, ware da ginin, tazarar kamar mita 20. Bara gam ɗinsa ya daskare a kwalba, yatsunsa suka ƙi riƙe zarto. Yana so ya ja bututu daga tukunyar zuwa shagon. Maƙwabcinsa kuma ya ba shi shawarar ya zuba maganin hana daskarewa cikin ruwan gidan duka, magana ta ƙare. Injiniya, me ka gani?

Injiniya: Wato Malam, wannan ya tuna mini da Janairun 1998, lokacin da ruwan ƙanƙara ya kakkarya turakun lantarki a Quebec. Akwai garuruwan da suka yi makonni ba wuta. Mutane suna ganin tunda gas tukunyarsu ke sha, ba ruwansu da lantarki. Ina! Injin da ke tura ruwan da lantarki yake aiki. Haka aka sake gani a Texas a Fabrairun 2021. Shi ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma ba ya neman izinin bututu. Na taɓa shiga wani gida da bazara...

Mai gabatarwa: Injiniya, mu koma shagon bawan Allah, agogo yana harararmu.

Injiniya: Ai can na nufa. Gida yana riƙe ɗuminsa sa'o'i da dama ko an ɗauke wuta. Shago kuwa, da bututun da ya ratsa fili, su ne za su fara daskarewa. Saboda haka ruwa zalla ba zai je shagon ba. Amma shawarar maƙwabci ma ban so ta ba. Maganin nan, gilaikol, yana da tsada, gida kuma ruwa mai yawa yake ci. Ga shi ya fi ruwa kauri, yana kuma tsiyaya ta mahaɗin da ruwa ba ya tsiyaya. Me zai sa ka ɗora wa gida duka wahala saboda ɗaki ɗaya? Abin da ake yi, a raba ruwa biyu. Na gida yana zagayensa, na shago mai gilaikol yana nasa. Sai a sa akwatin musayar zafi a tsakaninsu, kusa da tukunyar, a cikin gida.

Mai gabatarwa: Tsaya mu gane wannan akwatin.

Injiniya: Ka ga yadda uwa ke ɗumama madarar jariri? Ta tsoma kwalbar cikin kwanon ruwan zafi. Zafi ya shiga madara, ruwan bai shiga ba. To shi ke nan. Akwatin bai fi girman burodin yanka ba, cikinsa fallayen ƙarfe ne sirara a jere, an like su da tagulla. Ruwan tukunya yana bi ta tsakanin wasu, gilaikol yana bi ta tsakanin na kusa da su, kowa ya nufi inda ɗayan ya fito. Kafa huɗu gare shi, biyu na gida, biyu na shago.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu rubutawa. Ruwa biyu, zagaye biyu, ba sa haɗuwa. Zafi kaɗai ke tsallakawa.

Injiniya: Yauwa. Amma fa a sani, zagayen shago ya zama gida mai zaman kansa. Yana buƙatar injin tura ruwansa, da ƙaramin tankin da ke ba ruwa wurin kumbura in ya yi zafi, a ɗan ƙara girmansa don gilaikol ya fi ruwa kumbura. Yana buƙatar bawul mai sakin matsi, a nan mai lamba 30 a ma'aunin matsi na psi muka fi sawa, da kafar fitar da iska. Kada kuma a haɗa shi da famfon gida ya riƙa cika kansa. In akwai ɗigo a wani wuri, ruwa zai yi ta shiga yana tsinka maganin ba ka sani ba, sai daren da sanyi ya kai maƙura ka ji labari.

Mai gabatarwa: Ɗaya daga cikin masu wasiƙun, na Minnesota, ya ce yana da jarkokin ruwan lagireto na mota a gareji. Ya zuba?

Injiniya: Subhanallahi, a'a! Na mota galibi etilin gilaikol ne, guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, yaro ko kyanwa na iya lasa. Wasu kuma akwai sinadaran da ke toshe fallayen akwatin, su cinye robar injin. Furofilin gilaikol ake saya, wanda aka haɗa musamman don ɗumama gini, mai maganin tsatsa a ciki.

Mai gabatarwa: Alhaji, garin neman gira kada a rasa ido. Jarkokin nan a bar wa mota. To Injiniya, yaya haɗin yake?

Injiniya: In gilaikol ya kai kashi 30 cikin ɗari, yana fara ƙanƙara wajen digiri 13 ƙasa da sifili. In rabi da rabi ne, sai wajen 33. Winnipeg tana ganin 30 ƙasa da sifili har fiye, don haka mutuminmu kusan rabi zai yi. Kada ya ce bari in cika don in more, domin a rabi da rabin ma zafin da yake ɗauka ya ragu da kusan kashi 15, dole injin ya ƙara ƙoƙari. Kowace shekara kafin sanyi a ɗebi ɗigo a auna ƙarfinsa, a duba ko ya fara tsami. In ya yi tsami, ƙarfe yake ci. Kada kuma a sa bututun ƙarfe mai rufin zinki. Amma ga tarkon da ko masu sana'ar ke faɗawa. A ce an kashe shago kwana uku, gilaikol ɗin ya sauka digiri 20 ƙasa da sifili, bai daskare ba, aikinsa ke nan. Ka zo da safe ka kunna. Wannan ruwan mai tsananin sanyi ya taho ya shiga akwatin, ya tarar da ruwan gida a tsaye a ɗaya gefen. Cikin ɗan lokaci ruwan gidan ya daskare a tsakanin fallayen, akwati ya tsage, ruwa biyu suka gauraye. An gudu ba a tsira ba.

Mai gabatarwa: Ikon Allah! Maganin sanyi ne ya kawo sanyin har cikin gida.

Injiniya: Shi ya sa ake haɗa wayoyin ta yadda injin gefen tukunya zai fara tashi, akwatin ya yi zafi, sannan na shago ya biyo baya. Ni ma na fi son kada a kashe shagon sam, a bar shi a digiri 7 ko 8.

Mai gabatarwa: A sake ji: na gida ya fara gudu, na shago ya biyo. Bututun fili fa, zurfin nawa?

Injiniya: A Minnesota ƙa'idar harsashin gini inci 42 ce a kudu, 60 a arewa, saboda ƙasa kanta tana daskarewa. Tunda da gilaikol, ba dole ka kai can ba. Babban abokin gabarka danshi ne. In ruwan ƙasa ya jiƙa rufin bututun, tsakar gida za ka yi ta ɗumamawa. Za ka ga dusar ƙanƙara ta narke a layi ɗaya ɗoɗar daga gida zuwa shago, kuɗinka ne ke tashi. A sayi bututun roba mai hana iska shiga, wanda ya zo a naɗe cikin soso mai tauri da ba ya shan ruwa. Mazauna Amurka su kira 811, lambar masu nuna inda aka binne bututu da wayoyi, kafin su haƙa rami.

Mai gabatarwa: Ni kuma ga tawa, Malam kafinta: ka fara toshe kafofin shagon ka rufe silin, ka kuma sa a lissafa ko tukunyar za ta iya ɗaukar wuri biyu. In shago ya yi ɗumi ɗakin uwargida ya yi sanyi, ba ni ba Injiniya a wannan shari'ar. Saura daƙiƙa 30. Na Alberta yana tambaya, ya sa na'urar hura ɗumi mai fanka a bango, ko ya binne bututu a daɓen siminti?

Injiniya: In an riga an zuba daɓe, mai fanka, tana ɗumama wuri da sauri. Sai dai garin katako yana toshe ta, ya riƙa kakkaɓewa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Injiniya, a gaida iyali. Mai tambaya kan hayaƙin murhun itace daga Norway, yi haƙuri, da wasiƙarka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.