Mutum 105 a shekara: yadda Amurka ta "buɗe ƙofa" ga Sinawa

Akwai wata magana da ke yawo a intanet kwanakin nan, wai Amurka ta hana Sinawa shiga ƙasarta a 1882, ta soke dokar a 1943, daga nan kowa ya shigo. Farkon maganar daidai ne. Ƙarshenta ne ke da gyara.

[Tsofaffin hotuna: ma'aikata a kan layin dogo]

Waɗannan da kuke gani suna fasa duwatsu Sinawa ne, su dubbai, a aikin layin dogon da ya haɗa gabas da yammacin Amurka, wanda aka kammala a 1869. Da aiki ya ƙare, tattalin arziki ya yi sanyi, sai aka soma cewa su ne ke ƙwace wa Turawa aiki. Ranar 6 ga Mayu 1882 Shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar hana leburori Sinawa shigowa. Shekara goma aka ce, aka yi ta ƙarawa har ta zama ta dindindin. A 1917 da 1924 aka faɗaɗa hanin har ya rufe kusan duk nahiyar Asiya.

To, mu tsaya a 1943.

[Bidiyon yaƙi]

Yaƙin Duniya na Biyu ake yi. Sin tana gefen Amurka, Japan abokiyar gaba. Farfagandar Japan kuwa kullum sai ta yi wa Sinawa gori: ƙawayen nan naku ko ƙafa ba sa bari ku sa a ƙasarsu. Abin ya zama abin kunya ga Washington, sai aka soke dokar a watan Disamba. Da walakin goro a miya, ke nan.

Yanzu ku dubi lambar da ke kan allo. 105. Adadin Sinawan da aka yarda su shigo ke nan a shekara guda, daga ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin mutane. Birtaniya a lokacin gurbinta ya haura dubu 65. Ni dai na halarci ɗaurin auren da ya fi 105 jama'a.

Ga kuma wurin da aka fi ruɗewa. Baturen Turai da ƙasar haihuwarsa ake lissafa shi. Basine kuwa da jininsa. Ko a ina aka haife shi, ko fasfo ɗin wace ƙasa yake riƙe da shi, in dai asalinsa Basine ne, cikin 105 ɗin nan za a cusa shi. Wato an cire sunan dokar daga littafi, amma awon launin fata yana nan daram.

A yi adalci, dokar ta kawo abu guda mai nauyi: Sinawan da ke zaune a Amurka sun samu damar neman zama 'yan ƙasa. Sai dai a daidai wannan lokacin, mutane kusan dubu 120 'yan asalin Japan suna tsare a sansanoni cikin Amurkar, yawancinsu ma 'yan ƙasa ne.

[Johnson a gindin mutum-mutumin 'yanci, New York]

Ainihin buɗe ƙofar sai a 1965, lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta rushe tsarin rabon gurbi bisa asali, aka koma duba dangantakar iyali da ƙwarewar aiki. Ta wannan hanyar likitoci da injiniyoyi daga Indiya, Koriya da Filifin suka shigo, daga baya 'yan Najeriya da 'yan Ghana ma suka bi sahu.

Majalisar dattawa ta bayyana nadama kan dokokin hana Sinawa a 2011, ta wakilai a 2012. A 2021 kuma Kamala Harris, wadda mahaifiyarta ta zo karatu daga Indiya, ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa, a shekarar da 'yan asalin Asiya suka yi ta zanga-zanga kan hare-haren da ake kai musu saboda korona.