Wannan lambar da ke cikin koren akwati, wa ke bada ta?

[A nuna hotunan waya suna wucewa da sauri, akwatuna kore da rawaya masu lambobi]

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk ranar da wani babban mawaƙi ya saki albam, kafin gari ya waye za ka ga an fara yawo da hoton wani ɗan akwati kore mai lamba a ciki, wannan ya ɗora 84 wancan ya ɗora 71, sai rigima ta kaure, gwanina ya fi gwaninka ga hujja nan. Tambayar da kuke ta turo mana kenan, wai wa ke bada makin nan kuma da me ake auna shi. To shi za mu warware yau. Akwai ɗan lissafi a tsakiya amma ba mai sa ciwon kai ba, dan Allah kar wanda ya gudu.

Akwatin nan daga wani shafi yake mai suna Metacritic, yana aiki tun 2001, kuma su ba sa zama su saurari albam su ce ya yi daɗi ko bai yi ba, nasu tattarawa ne kawai. Masu sauraron su ne masu sharhi na jaridu da mujallu, The Guardian a Ingila, NME, Rolling Stone, Pitchfork a Amurka da sauransu. Kamfanin mawaƙi kan tura musu albam tun kafin ya fito, wani lokacin kuma ba a turawa, su ma sai ranar Juma'a su ji shi tare da kowa, dan tun 2015 aka tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin waƙoƙi a duniya. Mai sharhi ya saurara, ya rubuta, edita ya duba, a buga. Wannan duk kun sani, mu wuce.

[Tamburan jaridun, kowanne da irin ma'auninsa a ƙasa]

Inda aka fara samun matsala shi ne kowane gida da irin ma'auninsa. The Guardian taurari biyar suke amfani da su. Pitchfork daga 0.0 zuwa 10.0 har da ɗigo, wato akwai 6.8 akwai 6.9, kuma mutane na faɗa a kan bambancin wallahi. Wasu haruffa suke badawa, A, B, C. Mujallar The Source ta 'yan rap makirfo biyar take badawa. Wasu kuma irin New York Times ba sa bada maki kwata-kwata, rubutu ne zalla, ka karanta ka gane da kanka.

To yaya za a haɗa taurari da haruffa da makirfo da rubutu zalla su zama lamba ɗaya? A nan kusan kowa ke ɓata, kuma a nan zan daɗe.

[Allo fari, a riƙa rubuta lambobin ɗaya bayan ɗaya yadda nake faɗa]

Metacritic juya komai suke yi ya koma bisa ɗari. Taurari biyar cikin biyar 100 ne, huɗu 80, uku 60, biyu 40. Na Pitchfork da sauƙi, a cire ɗigon kawai, 7.3 ya zama 73. Haruffa kuma suna da nasu jadawalin, A 100, B+ 83, B 75, C 50. A ido kamar adalci ne ko? Bari mu gwada mu gani.

Mu ɗauka ga wani albam, misali ne kawai ba na kowa ba, mutum uku suka saurara kuma dukkansu ra'ayinsu ɗaya, albam ɗin ya yi kyau ba laifi, akwai waƙoƙi biyu uku masu ratsa zuciya sauran kuma na cike gurbi ne. Na The Guardian ya ce taurari uku, dan a wajensu uku na nufin abu ya yi daidai, ba za ka yi nadamar saurara ba. Mai haruffa ya ce B. Na Pitchfork ya ce 6.8. Ku duba allo. 60, 75, 68. Magana ɗaya suka faɗa amma tsakanin na farko da na biyu akwai tazarar maki 15, ba dan sun saɓa ba, sai dan ma'aunin da gidansu ya ba su.

Kuma launin akwatin ma ya canza. A ɓangaren waƙa daga 61 zuwa sama kore ne, daga 40 zuwa 60 rawaya, wato ra'ayi ya rabu ko abin tsaka-tsaki ne, ƙasa da 40 ja. Kun ga bawan Allahn nan da ya bada taurari uku da zuciya ɗaya yana nufin yabo, da maki ɗaya tak ya faɗa rawaya, sai masoyan mawaƙi su bi shi da zagi wai ya kushe gwaninsu. Shi kuwa ya tafi gida yana ganin ya kyauta.

Ga abin da ya fi damuna ni. Gidan da ba ya bada rabin tauraro, mai sharhinsa ba shi da 70, babu ita a duniyarsa. Ko 60 ko 80. In yana ta kai-komo a ransa, uku ne ko huɗu, uku ne ko huɗu, edita na jiran aiki, ƙarshe ya ce a sa huɗu kawai, to wannan ɗan jinkirin na minti ɗaya maki 20 ne a kan akwati. Na Pitchfork in ya yi irin wannan kai-komon tsakanin 7.0 da 7.2 yake, maki 2. Sai a zuba su a lissafi ɗaya kamar abu ɗaya suka auna.

[A tsayar da hoton a kan 60 da 80, a bar shi daƙiƙa biyu]

Sai waɗanda ba sa bada maki. Nan ma'aikacin Metacritic ne zai karanta sharhin, ya ji yadda muryar marubucin take, shi ya laƙaba masa lamba. E, haka ne, ba ɓoyewa suke ba, suna faɗa a shafinsu. Wato mutum ya ƙi bada maki da gangan dan yana ganin waƙa ta fi ƙarfin lamba, wani ya zo ya ce to mun ji, 70.

Akwai kuma yadda mu muke karanta lambar. Wanda ya yi WAEC ya san 75 A1 ce, a jami'o'inmu 70 ma A ce, mai 60 kuma ba ya jin kunyar nuna sakamakonsa a gida. A makarantun Amurka 70 da 'yan kai C ce. Shi ya sa ɗan Kano zai ga 72 ya ce kai albam ya ci, ɗan can ya ga 72 ɗin ya ce ashe abin bai kai ba, su kwana suna musu a kan lamba ɗaya kowa da abin da yake gani.

Bayan an gama juyawa sai a tara a raba, amma ba rabon da muka koya a firamare ba. Wasu gidajen maganarsu ta fi nauyi a lissafin, kuma Metacritic ba sa bayyana wa ya fi wa ko da nawa. In ka ɗauki kalkuleta ka tara da kanka ka ga amsarka ta ɗan kauce, ba kai ka yi kuskure ba. Lambar da ke gefe kuma mai ɗigo, ta masu sauraro ce, kowa na iya buɗe akawun ya ba da 10 ko 0 ko bai saurara ba, wannan ba ma sai mun ɓata lokaci ba.

[Bangon albam iri-iri, jaz, rok, rap, afrobit]

Yanzu maganar haɗa nau'in waƙa daban-daban. Kafin albam ya samu akwati sai an samu sharhi aƙalla huɗu daga gidajen da suke bibiya. To albam ɗin jaz ko na rok mai nauyi da ba kowa ya san da fitowarsa ba, wa zai rubuta a kai? Wanda dama yake son irin wannan kiɗan ne zai je ya roƙi edita ya ba shi fili, kuma ba kasafai mutum zai roƙi fili dan ya kushe abin da ba wanda ya sani ba. Sharhi biyar shida duk na masoya, maki ya haye sama. Babban tauraron fof kuwa dole kowace jarida ta ce wani abu, gidaje ashirin ko fiye, har da wanda tun asali kiɗan ba ya masa. Saboda haka 85 ɗin wancan da 75 ɗin wannan ba tsere ɗaya suka yi ba, in ka jera su ka ce wannan ya fi wancan kai ka so.

Misali na kusa da gida, Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar. Albam ɗinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008 da salon murya irin na waƙoƙin Hausa na lokacin, kuma ta waya da katin memori waƙoƙin suka yaɗu, ba jaridar Turai da ta ce uffan a lokacin. Da ya shiga hannun kamfanin Matador na Amurka ya saki Afrique Victime a 2021 sai ga manyan gidajen nan suna ta yabo. Ya cancanta kam, ni ma ina saurarensa, amma abin da ya kai shi teburinsu kamfani ne mai lambar wayar editoci. Su Nura M Inuwa da Umar M Shareef da Hamisu Breaker ko miliyan nawa suka saurare su akwatin ba zai fito ba in gidaje huɗun nan ba su rubuta ba, kuma mai sharhin da ke Landan ba ya jin Hausa balle ya gane inda aka yi habaici a baiti.

[Nan hotuna sun yi ƙaranci, a bar fuskata kawai]

Su kansu masu bada makin ba su ɗauke shi wahayi ba. A 2021 Pitchfork suka dawo da wasu tsofaffin albam suka sauya musu maki, har da wanda suka taɓa ba 0.0 a 2003 suka mayar da shi 6.0, albam bai canza ba ko ɗigo. Su ne kuma a 2006 maimakon sharhin albam ɗin wata ƙungiyar rok ta Ostareliya suka ɗora bidiyon biri yana wani abin da ba zan faɗa ba, edita kar ka nemo shi dan Allah. Kuma hannunsu a matse yake, daga 10 ɗin da suka ba Kanye West a 2010 ba su sake ba wani sabon albam 10 ba sai Fiona Apple a 2020. Duk da haka a 2020 ɗin marubuciyarsu ta ba albam ɗin Taylor Swift 8.0, maki mai kyau sosai a gidan, wasu masoya suka bi ta da barazana har da yaɗa bayananta saboda 80 ɗin ta ja akwatin ƙasa kaɗan. Haba jama'a.

Ni dai in na buɗe shafin, kafin na kalli babbar lambar sai na duba ɗan rubutun da ke gefenta, sharhi nawa aka tara, biyar ne ko talatin. Daga nan na gangara na karanta wanda ya fi yabo da wanda ya fi kushe, in abin da mai kushen ke ƙorafi a kai shi ne tsawon albam ko yawan baƙin mawaƙa kuma ni hakan ba ya damuna, shikenan na san zan saurara. Wanda yake son mu yi na Grammy, yadda ake zaɓen albam na shekara da su wa ke kaɗa ƙuri'a, ya faɗa a ƙasa.