Darasi: Rubuta hashiya (bayanin ƙasan shafi) da jerin maraji'i (littattafan da ka dogara da su) ba tare da mushrifi, malamin da ke duba bincikenka, ya dawo maka da aiki ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa ɗalibai, na nan Madina da na Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka. Ku buɗe Word mu kama aiki. Saka hashiya kowa ya iya, Ctrl da Alt da F, ba zan tsaya nan ba. Ku dai shiga saiti ku sa lamba ta riƙa komawa 1 a kowane shafi. 

Inda ake faɗuwa shi ne lambar shafi. Littafi ɗaya ne, amma bugun Bairut daban, na Alƙahira daban. Abin da ke juzu'i na 2 shafi na 140 a wannan, a wancan wata magana ce. Saboda haka ranar da ka fara buɗe littafi, kafin ka kwafi ko harafi, rubuta marubuci, sunan littafi, muhaƙƙiƙi (wanda ya tace littafin), maɗaba'a, gari, bugu na nawa, shekara. Don Allah ranar nan take! Idan ka bari sai an kusa munaƙasha, wato zaman kare bincikenka, wani ya ari kwafin, ka shiga uku.

Masu amfani da Shamila, manhajar littattafan Larabci, ku duba bayanin littafin tukuna: an ce lambobin shafi sun dace da bugaggen? In ba a ce ba, kada ka ɗauka, nemo hoton bugun ka gwada.

Hadisi kuwa shafi kaɗai ba ya isa. Kitabi, babi, lamba. Hadisin niyya, a Bukhari lamba 1 ne, a Muslim 1907 bisa lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi. Faɗi lissafin wa ka bi, domin wani bugun lambarsa daban.

Shekara ku bar ta yadda aka buga. Kada ku juya hijiriyya zuwa miladiyya da ka, 1445 ta ratsa 2023 da 2024. In babu shekara, sa harafin dal da ta, gajarcen "babu shekara" a Larabci.

Jerin ƙarshe, wani sashe da sunan littafi yake jerawa, wani da na marubuci, ku duba littafin ƙa'idojin sashenku. In da marubuci ne, galibi ana tsallake al da Ibnu da Abu, sai Ibnu Kasir ya faɗa harafin kaf. Ni na fi son Zotero, manhajar tsara maraji'i, a nan, kyauta ne, amma sunayen Larabci sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, yakan juya su. Mako mai zuwa za mu ɗora shi tare, in sha Allahu.