Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Ƙasar Sin a Wajen Buɗe Baje Kolin Tsofaffin Zane-zanen Turawa

Mai girma Jakada da 'yan tawagarka, malamai, ɗalibai da sauran manyan baƙi, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Lale marhabin.

Ranka ya daɗe, mun gayyato ka ne ka ga yadda Turawa suka zana addinan ƙasarku fiye da shekara 300 da suka wuce. Tun yanzu muna neman afuwa, don wasu zanen za su ba ka dariya, wasu kuwa takaici.

Kwafen da ke bangon dama daga littafin China Illustrata suke, wanda aka buga a Amsterdam a 1667. Marubucinsa Athanasius Kircher, limamin Katolika ne Bajamushe mazaunin birnin Rum, bai taɓa taka ƙasar Sin ba. Wasiƙu da labaran 'yan'uwansa masu wa'azi ya tattara, masu sassaƙa suka zana a farantin jan ƙarfe, aka shafa tawada aka danna a takarda. Faranti ɗaya kan fitar da ɗaruruwan kwafe, kuskure ɗaya ya zagaye Turai.

Dubi wadda ya kira Pussa, zaune bisa furen bado da hannaye barkatai. Kalmar pusa ce ta mabiya Buddha, sunan da suke kiran masu tsarki na addininsu, amma shi ya dage Isis ce, abar bautar tsohuwar Masar, domin ya riga ya ƙudurta cewa ibadar Sinawa, har da rubutunsu, daga Masar suka samo asali. Abin da bai gane ba sai ya sa masa rigar abin da ya sani. Ni a ganina wannan ya fi jahilci illa, tunda da sunan ilimi ya zo.

Can gaba akwai zanen Confucius, babban malamin Sinawa, na 1687, bugun Paris, tsaye cikin ɗakin karatu kamar wani shehin malamin Turai. Masu wa'azin na so a ɗauke shi malamin ɗabi'a kawai.

Mu ma abin ya shafe mu. Olfert Dapper, wanda ya fitar da littafi kan Sin a 1670, shi ne ya rubuta na Afirka a 1668, har da zanen birnin Benin, yana zaune a Holan.

Ɗalibanmu sun bar fili ƙarƙashin kowane zane, suna fatan ka gyara musu inda suka kauce. Ranka ya daɗe, ga almakashi, bismillah.