Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Taron Bita kan Labaran Waya da Amanar Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. 'Yan majalisar Sarki, hakimai da dagatai da suka rako shi. Malamanmu limamai da shugabannin majami'u. Abokan aiki 'yan jarida da ma'aikatan gidajen rediyo. 'Ya'yanmu ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kwamitin shirya wannan taro, ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa, tare da godiya bisa yadda ya ajiye hidimomin fada ya taka da ƙafarsa zuwa wannan zaure. Da muka yanke shawarar kai goron gayyata fada, akwai daga cikinmu wanda ya ce zancen Facebook da WhatsApp da TikTok harkar samari ce, bai kamata a ɗora wa Sarki ita ba. Amsar da muka ba shi ita ce, abin da ya tara mu shi ne yadda mutanen wannan ƙasa suke yanke hukuncin maganar da za su gaskata da wadda za su watsar, kuma wannan al'amari tun kafin a ƙera waya yana hannun sarakuna da malamai.

Allah ya taimaki Sarki, a da kowane labari yana da mai shi. Idan sankira ya yi shela a bakin kasuwa, an san daga bakin wa ya ɗauko ta, an kuma san ƙofar gidansa idan ya yi ƙari. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, sunan da aka raɗa mata alkawari ne aka ɗauka wa mai karatu. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, har aka wayi gari makiyayi yana tafe bayan shanunsa da rediyo rataye a kafaɗa, kuma idan gardama ta yi tsawo a majalisa, mutum ɗaya ya ce “a rediyo na ji”, sai kowa ya yi shiru. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. A cikin shekarun da suka biyo baya, labari ya bar hannun mutanen da aka san fuskarsu ya koma saƙon murya na minti biyu, wanda ba a san wanda ya naɗe shi ba, ba a san garin da aka naɗe shi ba, ba a kuma san ko na bana ne ko na shekara biyar da suka wuce ba.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan ba su manta da wani dare a watan Agusta na 2014 ba, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas. Ni kaina kafin kiran sallar asuba mahaifiyata ta buga mini waya, ta ce in tashi iyalina duka mu yi wanka da ruwan gishiri mu kuma sha, domin an ce shi ne rigakafi. Na tambaye ta wa ya faɗa, ta ce ƙanwarta ce ta kira ta, ita ma wata ce ta gaya mata. Kafin rana ta fito saƙon ya game ƙasar, an kwantar da mutane a asibiti saboda gishirin da suka sha, wasu sun rasa rayukansu. Babu maƙiyi a cikin waɗanda suka yaɗa wannan magana. Uwa ce ta kira ɗanta, aboki ya kira abokinsa, kuma a nan wahalar take, domin mutum yana iya shakkar baƙo, amma da wuya ya ƙaryata wanda ya san yana ƙaunarsa.

Ba mu zo kai ƙarar waya gaban Sarki ba. Matan aure da yawa a wannan gari suna sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗakunansu, almajirin ilimi yana sauraron tafsirin malamin da bai taɓa gani ba, kuma sau da yawa mutanen ƙauyen da 'yan bindiga suka kai wa hari ta waya suke fara sanar da duniya halin da suke ciki.

Inda abin ya fi tayar mana da hankali shi ne siyasa. A 2018 an yi ta yawo da maganar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an musanya shi da wani mai kama da shi daga Sudan, maganar da ta yi ƙarfi har sai da shi da kansa ya musanta ta a gaban 'yan Najeriya mazauna ƙasar Poland a watan Disamba na wannan shekarar. Sojojin baka da muka saba ji a rediyo, waɗanda aƙalla akwai mai gabatar da shiri da zai katse su idan sun wuce gona da iri, yanzu sun samu magada a intanet waɗanda ake saya wa data, babu kuma mai katse su. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 an sanya rai sosai a kan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da shafin intanet na hukumar zaɓe mai suna IReV, inda aka yi alkawarin kowa zai ga takardar sakamakon rumfarsa da idonsa. Da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa shafin a kan lokaci, hukumar zaɓe ta ce tangarɗar na'ura ce, amma kafin bayaninta ya isa kunnen jama'a, kowane ɓangare ya riga ya cika giɓin da nasa labarin. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, kuma muna tsoron abin da wanda ya fito ya ga haka zai gaya wa wanda bai fito ba idan wani zaɓen ya zo.

Akwai kuma wanda ya kai ga zubar da jini. Binciken da BBC ta yi kan rikicin jihar Filato na watan Yuni 2018 ya gano cewa daga cikin hotunan da aka yi ta yaɗawa a Facebook ana cewa na waɗanda aka kashe ne, akwai wanda asalinsa daga ƙasar Kongo yake, an kuma ɗauke shi shekaru kafin rikicin. Saƙon murya da Hausa a cikin zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa babu wani ma'aikacin kamfani a Amurka da zai saurare shi ya ce ƙarya ne. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya kwaikwayon muryar mutum ta sa masa maganar da bai taɓa yi ba, kuma muryar malami ko ta basarake ita ce wadda mai sharri zai fi so ya ara.

An gwada maganin toshewa. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, daga baya kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya saɓa wa doka. A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda matsalar tsaro. Ko mene ne amfanin da jami'an tsaro suka samu, mu abin da muka gani a aikinmu shi ne jita-jita ta ci gaba da tafiya a tashar mota da kasuwa, mai gaskiya kuma ya rasa hanyar da zai bi ya gyara ta.

Ranka ya daɗe, abin da ya ba mu ƙwarin gwiwar gayyatar Sarki shi ne tarihin allurar shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin cewa an gurɓata shi, ba a koma ba sai a 2004, a tsakanin nan kuma cutar ta bazu har zuwa wasu ƙasashe. Ruwa ba ya tsami banza: mutane suna tune da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, saboda haka zargin ya tarar da zukatan da aka riga aka ɓata. Talla a rediyo da takardun likitoci ba su wadatar ba. Abin da ya juya al'amarin shi ne lokacin da sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, suka ɗauki aikin, aka ga basarake yana ɗiga wa ɗansa ko jikansa maganin a bainar jama'a, mai unguwa yana bin masu rigakafi gida gida. A watan Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga nahiyar Afirka.

Saboda haka roƙonmu na farko, kuma shi ne babba, shi ne Mai Martaba ya umarci kowane hakimi ya ware mutum ɗaya amintacce wanda 'yan jarida za su iya samu a waya dare da rana. Idan aka turo mana hoton gawa aka ce daga ƙauye kaza ne, dagacin ƙauyen zai iya gaya mana gaskiyar lamarin cikin minti goma, mu kuma mu naɗi muryarsa mu mayar da ita cikin zaurukan da ƙaryar ta bi kafin a sallame sallar magariba. Haka nan muna fatan fada ta tsayar da kafa guda sananniya wadda duk sanarwar Sarki za ta riƙa fitowa ta cikinta, yadda ranar da wani ya ƙirƙiri murya ya jingina wa Sarki, talaka ya san inda zai duba. Malamanmu da ke nan sun fi mu sanin aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta yi umarni da bin diddigin labari, sun kuma san yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san isnadinta, muna roƙon su riƙa ambaton waya da sunanta idan suna wannan wa'azi a kan mumbari.

Roƙo na biyu muna yin sa ne da ladabi. Idan matashi ya rubuta cewa asibitin garinsu babu magani ko hanyarsu ta lalace, kuma maganar tasa gaskiya ce, muna fatan Sarki ya zama garkuwarsa a wurin masu iko, domin duk ranar da aka tsare mai faɗin gaskiya da sunan yaƙi da labaran ƙarya, sauran samari sukan koma rubutu da sunan boge, mu kuma aikinmu ya ƙara wuya.

Ɗaliban da ke zaune a layin baya sun shirya nuna wa Mai Martaba yadda ake gano asalin hoto da ranar da aka fara sa shi a intanet, ba zai ɗauki fiye da minti goma sha biyar ba. Kafin nan, muna roƙon Sarki ya sa wa wannan taro albarka ya kuma buɗe mana shi.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya mayar da shi fada lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.